Zumunta a Ƙafa Take: Yadda Hidimar Jama'a Ke Maganin Kaɗaici

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A watan Yunin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta kafa domin nazarin kaɗaici. Rahoton ya ce mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya yana fama da shi, kuma yana da hannu a mutuwar mutane kimanin 871,000 duk shekara. Tun kafin haka, Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a Janairun 2018, Japan ta bi sahu a Fabrairun 2021, sannan babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Dakta Vivek Murthy, ya yi gargaɗi a watan Mayun 2023 cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga lafiya tana iya kai ta shan karan sigari 15 a rana.

Da yawa daga cikinmu idan muka ji irin wannan labari sai mu ce ai ciwon Turawa ne. Mu da ba ma rabuwa da biki da suna da zaman makoki, ina muka ga kaɗaici? Sai dai rahoton bai goyi bayanmu ba. Ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan mutum 24 cikin 100 ne ke cewa suna jin kaɗaici, alhali a ƙasashe masu arziki kimanin 11 ne cikin 100. Ya kuma nuna cewa tsakanin masu shekara 13 zuwa 29, daga 17 zuwa 21 cikin 100 suna cikin wannan hali. Ke nan cunkoson jama'a a unguwa bai hana wani yin kwana da kwanaki ba tare da ya sami wanda zai tambaye shi lafiyarsa da gaske ba.

Su wa muke nufi?

Muna nufin dattijon da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, kullum da masu jiransa a bakin ofis, ya yi ritaya, wayarsa ta daina ƙara. Muna nufin matar da mijinta ya rasu, aka cika gidan maƙil kwana uku ko bakwai, aka naɗe tabarmi, aka bar ta da sauran kwanakin takaba ita da bango. Akwai amaryar da aka kai sabuwar unguwa mai dogayen katangu, miji ya fita tun safe sai dare, ba ta san sunan maƙwabciyarta ba. Akwai ɗalibin da ya bar garinsu karon farko ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai mai mutum takwas, babu ɗaya da ya san halin da yake ciki. Akwai ɗan ci-rani da ke kwana a shago, da wanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyensa ya bar kabarin iyayensa da abokan wasansa, da wanda ya musulunta danginsa suka juya masa baya, mu kuma muka yi kabbara ranar da ya karɓi shahada muka watse.

Wasu daga cikin waɗannan mabuƙata ne, wasu kuma sun fi mu abin hannu. Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ke jiran zuwansu, babu kuma wanda zai lura idan ba su zo ba. Wannan shi ne ciwon, kuma buhun shinkafa shi kaɗai ba ya warkar da shi. Abin da ke warkar da shi shi ne mutum ya sami gurbi a cikin jama'a, wato wani aiki na alheri da aka san shi da shi, da mutanen da za su yi cigiyarsa ranar da ba su gan shi ba.

Kaɗaici daban, halwa daban

Wani zai ce ai magabata sun yabi kaɗaita da nisantar mutane. Gaskiya ne akwai halwar da bawa ke zaɓa domin ganawa da Ubangijinsa, kamar tsayuwar dare da i'itikafi. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin yana auna amfanin keɓewa da amfanin cuɗanya. Amma wannan keɓewa ce da mutum ya shiga da ƙafarsa, zai kuma fito da ƙafarsa ya tarar da jama'arsa. Shi kuwa kaɗaicin da muke magana a kai ba zaɓa ake yi ba. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ya ƙaurace musu.

Idan muna son mu gane nauyin kaɗaici a ma'aunin Musulunci, mu dubi ƙissar Ka'abu bn Malik (RA) da abokansa biyu, Murara bn Rabi'i da Hilal bn Umayya, waɗanda suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira ba tare da uzuri ba. Ba a yi musu bulala ba, ba a ɗaure su ba, ba a ci su tara ba. Horon da aka yi musu shi ne aka hana kowa yi musu magana har kwana 50. Ka'abu ya ba da labarin yadda yake zagaya kasuwa babu mai tanka masa, da yadda ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, wanda ya fi so a cikin mutane, ya yi masa sallama bai amsa ba, har idanunsa suka zubar da hawaye. Aya ta 118 ta Suratut Tauba ta siffanta yadda ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka ƙuntata. Ranar da aka karɓi tubarsu ya shiga masallaci, Ɗalha bn Ubaidillah (RA) ya miƙe da sauri ya yi musabaha da shi ya taya shi murna, kuma Ka'abu bai taɓa mance wa Ɗalha wannan miƙewa ba.

Abin da aka yi wa waɗannan bayin Allah a matsayin horo mai iyaka, bisa umarnin Annabi (SAW), shi ne wasu a unguwanninmu ke ɗanɗana shekara da shekaru ba tare da sun yi laifin komai ba. Babu wanda ya ba da umarnin a ƙaurace musu, shagala ce kawai ta sa kowa ya kama gabansa.

Yadda aka yi a Madina

Muhajirai sun isa Madina sun baro gidaje da dangi da dukiya a Makka. Yanayin garin bai karɓe su ba, har Abubakar da Bilal (RA) suka kwanta da zazzaɓi, Bilal yana begen kwarurukan Makka. Annabi (SAW) bai tsaya ga tara musu taimako ba. Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin mutum da mutum, kowane baƙo aka haɗa shi da ɗan gari guda da sunansa. Da Ansar suka nemi a raba gonakin dabinonsu tsakaninsu da baƙin, bai amince ba, sai aka daidaita a kan a yi tarayya cikin aiki da amfanin gona. Sa'adu bn Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bn Auf tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Baƙon ya sami ɗan'uwa, ya kuma sami abin yi.

Wannan 'yan'uwantaka tana shiga har cikin gida. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i, ya ga matarsa ba ta cikin kwalliya, ya gane cewa mai gidan ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare ya manta da iyalinsa. Bai ci abincin da aka kawo masa ba sai da Abu Darda'i ya ci, ya kuma hana shi tashi sallar dare sai ƙarshen dare, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Da aike Salmanu ya yi daga nesa, da bai ga abin da ya gani ba.

Haka aka yi da mutanen Suffa, baƙin da ba su da gida ko dangi, suke kwana a rumfar masallaci. Annabi (SAW) ya umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku, mai na huɗu ya tafi da na biyar ko na shida. Abubakar ya tafi da uku, shi kuma Annabi (SAW) ya tafi da goma. Mu lura cewa gida aka tafi da su, aka zauna da su a kan akushi ɗaya. Sannan akwai wasu mutum 70 daga Ansar da ake kira makaranta, waɗanda Anas (RA) ya ce da dare suna karatun Alƙur'ani suna bita, da rana kuma suna ɗebo ruwa su ajiye a masallaci, su yi itace su sayar su sayo wa mutanen Suffa da matalauta abinci. Waɗannan su ne aka yi wa kisan gilla a Bi'iru Ma'una, Annabi (SAW) ya yi wata guda yana alƙunutu saboda su. Ɗalibanmu na yau suna da abin koyi a nan: ɗaliban farko na wannan al'umma ba su raba karatu da hidima ba.

Mata uku da ya kamata mu riƙa tunawa

Bukhari ya ruwaito daga Sahlu bn Sa'ad (RA) labarin wata tsohuwa a Madina da ke shuka wani ganye mai saiwa da Larabawa ke kira silƙi a bakin magudanar gonarta. Duk ranar Juma'a sai ta ciro saiwar ta zuba a tukunya, ta niƙa ɗan sha'ir ta haɗa, babu kitse babu mai. Idan an sauko daga masallaci sai sahabbai su biya su gaishe ta, ta kawo musu su ci. Sahlu ya ce suna ɗokin zuwan Juma'a saboda wannan abinci. A ido, wannan tsohuwa ita ce ta cancanci a kai wa sadaka. Amma da ɗan abin da ke gonarta ta mayar da gidanta wurin da ake marmarin zuwa duk mako, ba ta kuma rasa masu sallama a ƙofarta ba.

Ta biyu ita ce baƙar matar da ke share masallacin Annabi (SAW), wadda wasu ruwayoyi suka ambata da Ummu Mihjan. Ta rasu, aka yi mata sutura ba a sanar da shi ba, kamar an ga lamarinta bai kai a tashe shi ba. Sai ya rasa ta, ya yi cigiyarta, ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a gaya masa ba, ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. Tsintsiya ce ta ba wannan baiwar Allah gurbi a masallaci, har ya zama ranar da ba ta zo ba shugaban halitta da kansa ya lura.

Ta uku ita ce gwaggon Jabir bn Abdillah (RA) ta wajen uwa. An sake ta, tana cikin idda, ta so ta fita ta yanki dabinonta, wani mutum ya tsawata mata. Da ta kai maganar ga Annabi (SAW), kamar yadda Muslim ya ruwaito, ya ce ta je ta yanka, ya kuma ba da dalili cewa wataƙila ta yi sadaka da shi ko ta aikata wani alheri. Wannan darasi ne ga gidajen da ke mayar da idda da takaba kurkuku, a hana mace magana, a hana ta motsi, a ɗora mata abin da shari'a ba ta ɗora mata ba. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, da hukunce-hukuncenta sanannu, kuma babu inda aka ce 'yan'uwanta mata su daina zuwa hira ko a hana ta aikin alherin da ta saba.

Binciken zamani ya zo da abin da ya dace da wannan. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2018 kan mutanen da suka haura shekara 50 ya gano cewa waɗanda abokan zamansu suka rasu, idan suka fara aikin sa-kai na taimakon jama'a na awa biyu ko fiye a mako, kaɗaicinsu yana raguwa har ya yi kusa da na masu aure da ke irin wannan aiki. Awa biyu a mako ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Kada wani ya ce ba shi da abin bayarwa. Hadisin Abu Musa (RA) ya ɗora sadaka a kan kowane Musulmi, sannan ya sauko da ita mataki-mataki: wanda bai samu ba ya yi aiki da hannunsa ya amfani kansa ya ba wani, wanda bai iya ba ya agaza wa mai neman agaji, wanda bai iya ba ya yi umarni da alheri, wanda bai iya ba ya kame daga sharri. Abu Mas'ud (RA) ya ce lokacin da aka umarce su da sadaka, dako suke yi a kasuwa domin su sami abin da za su bayar. Sun ƙi yarda talauci ya cire su daga sahun masu bayarwa.

Abin da muka gada

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Aikin gayya ya haɗa samarin gari a gonar wanda rashin lafiya ko tsufa ya kayar, ko a kan rufin ɗakinsa, ana kiɗa ana raha har a gama. Ciyayya ta sa magidanta su fito da tuwonsu ƙofar gida a haɗu a ci tare, ta yadda wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai ci ya ƙoshi ba tare da kowa ya sani ba, wanda kuma bai fito ba a aika yaro ya dubo shi. Zaure ya kasance masaukin baƙo da makarantar yara da majalisar dattawa. Almajiri yana da uwar ɗaki da ke ajiye masa abinci, shi kuma yana yi mata aike da ɗiban ruwa, sau da yawa zumuncin ya ɗore har ya girma ya yi iyali. A zangunan Kumasi da Accra da Sabon Ibadan, baƙon da ya sauka yana da mai gida da zai ba shi makwanci ya haɗa shi da abokan ciniki. A Nijar kuma an san ƙungiyoyin samariya da aikin gayya na gari.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jajis, kowace da malfarta, suna jagorantar mata da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su karantar da na gida. Suna zuwa da kyaututtukan da ake raba wa mabuƙata. Matan da a wani wuri za a ce sun gama amfani, ita ta mayar da su malamai masu tafiya gari-gari, kuma tsarin ya ci gaba bayan rasuwarta a hannun 'yar'uwarta Maryam.

A zamaninmu ma ga 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, waɗanda ke tsare sahu a Idi da tafsiri, su yi hidimar alhazai, su ɗauki mara lafiya da gawa. Ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, mai makarantu da asibitoci da gidajen marayu. Duk wanda ya zauna da ɗan agaji ya san cewa abin da ke riƙe shi a wannan aiki marar albashi, bayan neman lada, shi ne 'yan'uwan da ya samu a ciki, waɗanda za su cika gidansa ranar sunan ɗansa, su kuma ɗauki makararsa ranar da ta Allah ta kasance.

Inda aka sami giɓi

Ba mu daina bayarwa ba. Wataƙila ma kuɗin da ke fita da sunan taimako a yau ya fi na da. Abin da ya ragu shi ne tafiyar ƙafa. Ɗa yana tura wa mahaifiyarsa kuɗi ta waya duk wata, ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali ta fi wata shida ba ta ga fuskarsa ba. Ana ta'aziyya da saƙon WhatsApp, ana duba mara lafiya da hoton addu'a. Sababbin gidajenmu ba su da zaure, sai get da mai gadi. Zakka da kayan azumi kuma ana raba su a layi, mai bayarwa bai san sunan mai karɓa ba, mai karɓa ya tafi da buhu ya koma ɗakin da ya fito.

Tura kuɗi alheri ne, ladansa yana nan in Allah Ya karɓa, kuma ga wanda ke nesa babu abin da ya fi shi sauƙi. Amma haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa da hadisi ya lissafa, wato sallama, amsa gayyata, nasiha, gai da mai atishawa, duba mara lafiya da rakiyar gawa, babu ɗaya da ake biya da kuɗi. Dukkansu suna buƙatar mutum da kansa. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take sun san abin da suke faɗa. Mai bayarwa ma yana cutuwa da wannan giɓi, domin attajirin da ke ciyar da ɗaruruwa daga nesa yana iya kwana ba shi da wanda zai faɗa wa damuwarsa.

Me za mu yi?

Masallacin unguwa shi ne wuri na farko. Muna haɗuwa sau biyar a rana, don haka babu wata cibiya da ta fi mu damar gane wanda ya ɓace. Kwamitin masallaci ya wakilta mutum biyu ko uku da aikinsu shi ne lura da wanda aka kwana biyu ba a gani a sahu ba, su je gidansa a ranar. A rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya da masu takaba na unguwa, a raba su ga gidaje, kowane gida ya san wanda ke wuyansa da ranar da zai je. Mata su ɗauki nauyin mata ta hanyar makarantun Islamiyya, maza su ɗauki na maza.

Mataki na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Idan mun je, kada mu tsaya ga tambayar abin da mutum yake buƙata. Mu tambaye shi abin da ya iya. Malamin makarantar da ya yi ritaya a roƙe shi ya riƙa koya wa yaran unguwa lissafi bayan La'asar. Tsohon ma'aikacin asibiti ya riƙa auna wa dattawa hawan jini bayan sallar Juma'a. Tsohon akawu ya riƙe littafin asusun marayu. Gwauruwar da ta iya girki a saya mata kayan miya ta dafa abincin da za a kai asibiti, a kuma turo 'yan mata su taya ta su koya. Amaryar da ke zaune ita kaɗai, in ta yi karatu, maƙwabta su turo mata yara bitar hadda da izinin mijinta. Wanda ya musulunta a haɗa shi da gida guda da zai riƙa cin abincin sallah a ciki, a kuma ba shi aiki a masallaci kamar kowa. Roƙon mutum ya taimaka girmamawa ce, domin ana gaya masa cewa har yanzu ana buƙatarsa.

Ga wanda shi ne ke cikin kaɗaicin, muna ba shi shawara da kada ya jira a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya zaɓi aiki guda ƙarami mai lokaci sananne, wanda ake yi tare da wasu: sharar masallaci ranar Alhamis, gyaran maƙabarta, yashe kwata kafin damina, rakiyar masu zuwa duba marasa lafiya. Ranar farko za ta yi nauyi, ta biyu ma haka. Amma wanda aka gani sau huɗu a wuri ɗaya an fara sanin sunansa, kuma hira ta fi sauƙin ƙulluwa tsakanin mutum biyu da ke riƙe da shebur fiye da tsakanin baƙi biyu da ke kallon juna.

Ɗalibai kuma, musamman shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a makarantu, su sani cewa wa'azi da muhadara ba su ne kaɗai aikinsu ba. A makon farko na shekarar karatu a haɗa kowane sabon ɗalibi da wani na gaba da shi. A shirya bitar darussa kyauta, da ba da gudummawar jini, da koyar da almajiran da ke kewayen makaranta karatu da rubutu. A kula musamman da ɗalibin da ba ya magana, wanda kullum yana gefe da wayarsa, a ba shi wani aiki ko da shimfiɗa tabarma ne. Masu yi wa ƙasa hidima da aka tura garin da ba su san kowa ba su nemi masallaci da makarantar Islamiyya mafi kusa su miƙa kansu.

Iyaye su riƙa tafiya da 'ya'yansu idan za su gai da tsoho ko mara lafiya, su bar yaro ya miƙa ƙwaryar da hannunsa. Yaron da bai taɓa ganin mahaifinsa ya zauna a gaban wani dattijo yana sauraronsa ba, da wuya ya zauna a gaban nasa mahaifin idan lokaci ya yi.

Ladubban da za a kiyaye

Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma haɗa su da riya. Ɗaukar hoton mabuƙaci yana karɓar taimako a watsa a Facebook yana ƙara masa nisa da mutane, domin gobe kunya za ta hana shi fitowa. Abin da muka gani a gidan wani amana ne, ba labarin majalisa ba. A nemi izini kafin shiga, a zaɓi lokacin da ya dace, kada a daɗe a wurin mara lafiya, kuma a kiyaye iyakokin shari'a tsakanin maza da mata. A bar mutum ya yi magana, ko da labarin da ya bayar jiya ne yake maimaitawa. Ba kowace ziyara ce ke buƙatar wa'azi ba.

Ɗorewa ta fi yawa. Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Gara ziyarar minti 20 duk Asabar da gagarumin taro sau ɗaya a Ramadan, domin wanda aka saba wa zuwa sannan aka yanke ya fi jin zafi fiye da wanda ba a taɓa zuwa wurinsa ba. Kada kuma mai hidima ya kwashe lokacinsa duka a waje ya bar matarsa da 'ya'yansa cikin irin kaɗaicin da ya fita yaƙa. Da Abu Ɗalha (RA) ya zo da gonarsa ta Bairuha'u, wadda ya fi so cikin dukiyarsa, Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya sanya ta a cikin danginsa mafi kusa.

Sannan mu san iyakarmu. Idan mutum ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina jin daɗin komai, ko ya fara maganar gara ya mutu, wannan ya wuce kaɗaici, yana iya zama ciwon damuwa mai buƙatar likita. Kada a ce masa raunin imani ne. A yi masa addu'a, a kuma raka shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, akwai kuma sassan kula da wannan ciwo a asibitocin koyarwa.

Kowannenmu, in ya yi shiru na minti ɗaya, zai tuna da mutum guda da ya kwana biyu bai gani ba, a sahu ko a layi ko a cikin dangi. Kada Juma'a mai zuwa ta riske mu ba mu taka mun je ba, kuma idan mun je mu tafi da wata buƙata da za mu roƙe shi ya taya mu.

Allah Ya haɗa zukatanmu a kan alheri, Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya ji ƙan iyayenmu da malamanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.